Walmart da Costco: duk araha suke sayarwa, me ya sa ake tsine wa ɗaya ana yabon ɗaya?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a zauren nan cewa ƙaninka da ke Amurka ya ce maka Walmart na kashe ƙananan garuruwa yana kuma tatsar ma'aikata, amma da aka zo kan Costco sai ya hau yabo, alhali dukansu manyan kantunan rangwame ne. Ka ce ko dai son rai ne kawai. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai ya bar maka rabin labarin a hanya.

A fara daga tushe. Sam Walton ya buɗe Walmart na farko a 1962 a garin Rogers na jihar Arkansas, kuma dabararsa tun asali ita ce ya bi ƙananan garuruwan da manyan kantunan wancan zamani suka raina. Yau kamfanin na da kantuna sama da 4,600 a Amurka kaɗai, da ma'aikata kimanin miliyan 2.1 a duniya, miliyan 1.6 daga cikinsu a Amurka. Shi kuwa Costco a 1983 Jim Sinegal da Jeff Brotman suka buɗe shi a birnin Seattle, kuma har yanzu rassansa a Amurka ɗari shida da 'yan kai ne, galibi a gefen manyan birane inda masu hali suke zaune.

Idan ka shiga babban reshen Walmart za ka tarar da kaya iri-iri sun haura 100,000, daga allura har tayar mota. Costco kuwa bai cika wuce iri 4,000 ba. Ba shi da wani ado, sito ne kawai mai faɗi, ana sauke kaya daga mota a dire su a kan katakon da suka zo a kai, mai saye ya ɗauki katan guda ko jarka guda. Wanda ya san yadda 'yan sari ke ciniki a kasuwar Singa ta Kano ya riga ya fahimci Costco. Bambancin kawai shi ne ba ka shiga sai da katin mamba, wanda a 2024 aka ƙara kuɗinsa daga dala 60 zuwa 65 a shekara.

Nan ne asirin albashin yake. A shekarar kuɗi ta 2024 Walmart ya yi cinikin dala biliyan 648, Costco kuma biliyan 254 da ma'aikata kusan 333,000. Ka raba ka gani: ma'aikacin Walmart ɗaya na tsaye a kan cinikin dala dubu 300 da ɗoriya, na Costco kuwa ya haura dubu 750. Jera kaya iri dubu ɗari a kan kanta, ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai cin hannaye da yawa. Dire katako guda da injin ɗaga kaya aikin mutum ɗaya ne. Ga kuma kuɗin katin mamba, wanda ya kawo wa Costco kusan dala biliyan 4.8 a shekarar, tun kafin a sayi ko sabulu. Mai irin wannan kuɗin shiga ba zai ji ciwon ƙara wa ma'aikaci dala biyar a awa ba. Shi ya sa a ƙarshen 2021, lokacin da mafi ƙarancin abin da Walmart ke biyan sabon ma'aikaci ya kai dala 12 a awa, Costco yana biyan 17. Walmart ya ɗaga nasa zuwa 14 a 2023. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayyar Amurka ta tsayar kuwa yana nan a dala 7.25 tun 2009, bai motsa ba.

Kada ka lissafa dala 14 da canjin naira ka ce ai wannan ya warke. Kuɗin haya da na asibiti a can ba wasa ba ne, kuma da yawa ba sa samun cikakkun awannin aiki a mako. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto kan ma'aikatan da ke karɓar tallafin abinci da inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, sai ga Walmart a sahun gaba na wuraren da suke aiki a jihohin da aka duba. Masu kare kamfanin suna cewa ai dole, tunda shi ya fi kowa yawan ma'aikata. Haka ne. Amma ma'anar abin ba ta sauya ba: mutum yana aiki, kuma sai baitulmali ta cika masa kuɗin cefane. Wani ɓangare na arahar da mai saye ya samu a kanti, ya riga ya biya shi ta hanyar haraji.

Abin da ya fi ɓata wa Walmart suna a wurina ba ma albashin ba ne, yadda yake yi da ƙungiyar ƙwadago ne. A shekarar 2000 mahautan wani reshensa a garin Jacksonville na jihar Texas suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiya. Ba a yi wata guda ba kamfanin ya sanar da daina yankan nama a rassa 180, ya koma sayo naman da aka riga aka ƙunshe daga waje, ya ce wai dama shirin yana nan tun da. A Kanada ma'aikatan reshen Jonquière na lardin Quebec suka samu rajistar ƙungiya a 2004, a 2005 aka rufe reshen ɗungurungum da hujjar ba ya kawo riba. Sai a 2014 kotun ƙolin Kanada ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa dokar ƙwadagon lardin. Shekara tara, wanda ya rasa aikinsa ya daɗe da kama wata hanyar. Costco ma ba waliyyi ba ne, yawancin ma'aikatansa ba sa cikin ƙungiya, amma akwai dubbai da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, kuma yana zama da su a teburi a yi ciniki.

To batun gari fa? A nan kwatancen ya ɗan karkace, domin Costco ba ya zuwa ƙauye. Kanti guda a gefen birni mai mutum miliyan biyu ba zai girgiza kowa ba. Kanti guda a gari mai mutum dubu takwas kuwa, shi ne kasuwar baki ɗaya. Kenneth Stone, masanin tattalin arziki a jami'ar jihar Iowa, ya bi diddigin garuruwan jiharsa tsawon shekaru, ya gano abu mai ban sha'awa: garin da Walmart ya sauka cinikinsa gaba ɗaya kan ƙaru, saboda mutanen kewaye na tururuwa zuwa can, masu gidan abinci da gidan mai ma su samu rabonsu. Masu sayar da irin kayan da Walmart ke sayarwa su ne ke kwana ciki. Ƙananan garuruwan da ke maƙwabtaka kuwa, wasunsu sun rasa har kashi 47 cikin ɗari na cinikinsu a shekara goma.

Kan yawan ayyukan yi masana ba su haɗu ba. Emek Basker ta jami'ar Missouri ta lissafa a 2005 cewa sabon reshe kan kawo ayyuka kusan 100 a shekarar farko, rabinsu su zube cikin shekara biyar yayin da ƙananan shaguna ke rufewa. David Neumark da abokan aikinsa kuwa a 2008 suka ce ragi ma ake samu, kusan ayyuka 150 a gunduma, wato kowane ma'aikacin Walmart ɗaya ya maye gurbin mutum 1.4. Ko wanne ka ɗauka, alkawarin ɗaruruwan ayyuka da ake yi ranar yanka kirtani ba ya tsayawa yadda aka faɗa. Kuma akwai abin da lissafin kai ba ya nunawa. Mai shagon da ya rufe, a garin yake ajiye kuɗinsa, a garin yake ɗaukar akawu da kafinta, shi ake zuwa wa idan makaranta na neman gudummawa. Idan ya koma ma'aikacin awa a kanti, an ƙirga shi a matsayin mai aiki, amma ribar ta tafi Bentonville, hedkwatar kamfanin.

Mafi muni shi ne ranar da babban ya tattara. A watan Janairun 2016 Walmart ya sanar da rufe rassa 154 a Amurka, 102 daga ciki ƙananan rassa ne da ya gwada a karkara da unguwanni. Wasu garuruwan sun wayi gari ba Walmart, ba kuma tsohon shagon cefanen da zuwansa ya kashe.

Duk da haka ba zan bi ƙaninka har ƙarshe ba. Uwar da ke riƙe da 'ya'ya uku a ƙauyen Arkansas ba ta da dala 65 ta katin mamba, ba ta da kuɗin sayen katan guda na man girki, kuma Costco mafi kusa da ita na iya zama tafiyar awa biyu. Walmart ne ya sauke mata farashin madara da magani da takalmin makaranta, har ya tilasta wa sauran kantuna su sauke nasu. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na Amurkawa suna zaune ne ƙasa da mil 10 daga wani reshensa. Costco na kyautata wa ma'aikaci ne da kuɗin mai hali. Walmart na sauƙaƙa wa talaka mai saye, kuma sau da yawa talakan nan shi ne dai wanda ke tsaye a bayan kanta sanye da rigar kamfanin.

Ka kuma tambaya ko hakan zai iya faruwa a nan. Walmart ya taɓa leƙo mu ta bayan gida: a 2011 ya sayi kashi 51 na Massmart na Afirka ta Kudu, mai kantunan Game, waɗanda daga baya suka fice daga Najeriya. Shoprite ma ya buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero da ke Kano a 2014, ya rufe a Janairun 2024, Singa da Kwari da Sabon Gari kuwa ko gezau. Tsarin na Amurka an gina shi ne a kan mota, da firji mai wuta dare da rana, da cefanen mako guda a tashi ɗaya. Mai sayen rabin kwanon shinkafa da man ɗari biyu, wanda kuma zai ce wa mai shagon layinsu ya rubuta zuwa ƙarshen wata, babu abin da zai kai shi can sai shan sanyin na'ura.