Dogayen fitilun LED a shagon kafinta, bayan wata bakwai

Shekara biyu na yi ina aiki a shagona na Ƙofar Ƙaura da fitila ɗaya tal, irin babbar nan ta LED mai wat 100 da ake kafawa a ƙofar gida. Haske kam ba a magana, har maƙwabta na tsokanata wai gidan biki na buɗe. Amma da na sunkuya kan benci sai inuwar kaina ta rufe layin fensir, in ɗago kuma ta kashe mini ido. Ranar da yarona ya ɓata falankin madobiya guda saboda bai ga layi ba, ranar na sauke ta.

Na sayo dogaye masu tsawon ƙafa huɗu guda shida, kowace wat 18. Duka 108 ke nan, janareta bai ma san an yi canji ba. Biyu na rataya daidai saman benci, biyu wajen injin zarto, sauran a ɗakin fenti. Inuwa ta ɓace.

Abin da ya fi burge ni, an rubuta 85 zuwa 265V a kwalin, kuma gaskiya suka faɗa. Ko wuta ta zo ba ƙarfi, fanka na juyi kamar mai jin barci, su suna nan tar. Tsofaffin masu cok da sitata da tuni sun fara ƙyafta ido. Tun a shagon mai sayarwa na ce, "Alhaji, kunna mini," na ɗora kyamarar waya a kai. Wani samfuri mai araha sai ratsi ke gudu a allon, na bar masa abinsa. Fitila mai ƙyaftawa tana iya sa ka ga haƙoran zarto kamar a tsaye alhali gudu suke, yatsa kuwa ba ya tsirowa.

Kuskurena launi ne. Na ɗauki 6500K, fari fat mai shuɗi-shuɗi, sai banish ya riƙa yi mini wani iri, gado ya fita rana in ga ya fi yadda na zata ja. Na ɗakin fenti na mayar da su 4000K, farin da bai kai wancan shuɗi ba.

Dogayen fitilun ma ba su tsira ba. Maƙalansu na roba ne, biyu sun karye tun ranar ɗaurawa, da waya na ɗaure. Ƙurar katako da ta hunturu kuma ta shige cikin guda ta dushe. Na wajen zarto dai masu murfi zan saya nan gaba, waɗanda aka rubuta wa IP65, alamar ƙura ba ta shigarsu.