Wane harsashi ya dace da bindigar ɗuri wajen farautar barewa a Amurka?

Wanda ya taso yana ganin maharba da adaka ba baƙo ba ne ga wannan bindiga: a zuba albarushi ta baki, a bi shi da harsashi, a danna da sanda, a yi harbi ɗaya, sai a sake ɗuri. A Amurka jihohi da yawa sun ware wa irinta lokacin farauta na musamman, kuma barewa mai farar wutsiya aka fi bi. Inda ta bambanta da adaka shi ne cikin bututu. An yanka masa murɗaɗɗun layuka da ke sa harsashi ya fita yana juyi, kuma wannan murɗin ne zai zaɓa maka harsashi tun kafin ka shiga shago.

Ana rubuta shi kamar haka: 1:66, wato juyi ɗaya cikin inci 66. Wannan murɗi ne mai sanyi, na mulmulallen harsashi. 1:28 mai zafi ne, shi ake samu a yawancin bindigogin zamani irin na kamfanin CVA, waɗanda suka bazu bayan maƙerin bindiga Tony Knight ya fito da bindigarsa MK-85 a 1985. A tsakaninsu akwai 1:48, irin na Hawken ta kamfanin Thompson/Center. Dogon harsashi yana buƙatar saurin juyi, in bai samu ba sai ya riƙa tangaɗi a iska, har ya faɗa wa allon gwaji a karkace.

Mafi tsufa kuma mafi araha shi ne mulmulallen dalma da ake naɗewa a ƙyalle mai maiƙo. A bindiga mai faɗin .50, wato rabin inci, ana sa mai kaurin .490, nauyinsa kusan giren 177, wato giram 11 da rabi. Ba ya dukan kafaɗa sosai, kuma a kusa yana kayar da barewa ba gardama. Aibinsa saurin gajiya, domin iska na cin gudunsa. Daga yadi 75 zuwa ƙasa na amince da shi, abin da ya haura 100 kuwa wahalar da dabba ce kawai.

Sai dogon harsashin dalma mai cika bututu, jikan wanda Bafaranshe Claude-Étienne Minié ya ƙirƙira a tsakiyar ƙarni na 19. Maxi-Ball na Thompson/Center da Great Plains na kamfanin Hornady, mai giren 385, suna cikin wannan gida. Nauyin nan yana fasa ƙashi ya ɓulle ta ɗaya gefen, ya bar jinin da za a bi sawu. Amma yana saurin sunkuyawa idan nisa ya ƙaru, kafaɗa kuma za ta ji a jikinta. Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Idan harsashin ya shiga da sauƙi, mutum kuma ya yini yana yawo bakin bindiga na kallon ƙasa, yana iya zamewa daga kan albarushi. Harbi da rata a tsakaninsu na iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Saboda haka a yi wa sandar ɗuri alama, a riƙa dubawa.

Masu bindigar 1:28 sun fi raja'a ga sabot: ƙaramin harsashi mai faɗin .44 ko .45 zaune cikin kofin roba, kofin ya kama layukan bututu, ya faɗi bayan an fita. Giren 250 zuwa 300 shi ne daidai barewa. Ya fi kowa miƙewa, kuma a hannun wanda ya yi atisaye yana kai yadi 150. Sai dai ɗurinsa akwai wuya, musamman harbi na biyu da bututu ya yi dauɗa, yatsu sun ƙage da sanyin Disamba. Wannan wahalar ce ta buɗe wa PowerBelt kasuwa, harsashi mai cika bututu da 'yar roba a gindi, mai shiga salin-alin. Dalmarsa na da laushi, kuma akwai maharban da ke kukan yana tarwatsewa a kafaɗar dabba idan an cika albarushi. Wanda zai saye shi ya ɗauki mai giren 295 a kan mai 245, kada kuma ya yi zarin albarushi.

Doka ma tana da ta cewa, kuma kowace jiha da tata. Kolorado ta hana sabot a lokacin farautar bindigar ɗuri. Kalifoniya ta haramta harsashin dalma a kowace farauta tun 1 ga Yulin 2019, don haka a can sai marar dalma, kamar na jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes. Shi wannan, duk da tsadarsa, ba ya barin ɓurɓushin dalma a nama, abin da mai ciyar da yara ya kamata ya duba ko a jihar da ba a tilasta ba. Fensilbeniya kuwa tana da lokacin bindigar ƙanƙara, wato mai tashi da dutsen ƙyastu, bayan Kirsimeti, inda mulmulallen harsashi ke da farin jini har gobe.

A ganina, mai bindigar zamani a jihar da ta yarda ya fara da sabot na giren 250 a kan albarushi mudun giren 100. Cikon albarushi giren 150 da ake talla ƙarin duka ne da hayaƙi ga mai harbi a cikin kurmi. Albarushin kuma baƙi ne ko madadinsa, irin su Pyrodex da Triple Seven, ban da marar hayaƙi na bindigogin soja, wanda ke fasa bututu. Ka sayi iri biyu ko uku, ka gwada su a yadi 50 da 100, kana goge bututu bayan kowane harbi, tunda a daji da tsaftataccen bututu mai sanyi za ka yi harbin farko. Ko bindigogi biyu 'yan kamfani ɗaya ba lalle su so harsashi iri ɗaya ba.