Kujerar wata-wata a cibiyar matasa masu fara kasuwanci: ta ci kuɗinta?

Jama'a masu yawan tambayata ko biyan kuɗin zama a irin cibiyoyin nan na fasaha yana da amfani, ni dai amsata eh ce amma da sharaɗi. Ina biyan kujera duk wata a ɗaya daga cikinsu nan Kano, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a gaba.

Wuta kam ba magana, sola ce, ko an ɗauke nefa ba za ka sani ba. Intanet da safe lafiya lau, da wuri ya cika bayan azahar sai ta fara jan ƙafa.

Amma gaskiya abin da ya riƙe ni a wajen mutane ne. Na gefena manhaja yake rubutawa, wani matashin lauya shi ya zaunar da ni ya nuna min yadda ake rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ba tare da ɗan tsakiya ya ci kuɗina ba, wata baiwar Allah mai saida turaren wuta a Instagram ita ta haɗa ni da mai kai kaya da har yau ba mu taɓa samun saɓani ba, duk a wajen shan shayi aka yi waɗannan fa. Ai haka unguwar Yaba ta Legas ta tashi a harkar fasaha. An buɗe cibiyar fasaha ta CcHub a 2011, BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗin gwamnati a cikinta aka ƙyanƙyashe ta, kamfanin MainOne ya ja wa unguwar wayar intanet, Andela mai horar da masu rubuta manhaja ta zo, har Mark Zuckerberg mai Facebook ya leƙo a 2016. Da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, a 2020 kan sama da dala miliyan 200, masu kuɗi suka gane harkar ba wasan yara ba ce, waɗanda suka samu kuma suka dawo suna sa wa na baya jari.

To nan ne tamu ta gaza, kuma abin yana damuna wallahi. Taro kan taro, a yi hoto a raba satifiket, amma mai zuba kuɗi babu. Alhali a garin nan ne uban gida a Kwari ko Singa yake riƙe yaron shago shekaru, ya ga amanarsa, ya sallame shi da jari. Alhazan nan sun san sa kuɗi a kan mutum tun kafin a haife mu, kawai dai sun saba ganin kaya a shago ne, kuma tunda nake zuwa ban ga cibiyar ta gayyato ko ɗaya ta yi masa bayani da Hausa ba. Dokar Startup Act, ta sababbin kamfanonin fasaha, da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ma ta tanadi rangwamen haraji ga masu irin wannan zuba jarin, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen.

Idan wuta da abokan aiki da kwastoman farko kake nema ɗan uwa, je ka biya. In kuma jari ne, tun yanzu fara magana da kawunka na kasuwa.