Littafin odar tela mai gurbin ƙyalle, ra'ayina a kansa

Salam 'yan uwa teloli, musamman mata masu ɗinki a gida irina. Akwai wani littafin oda da ake bugawa nan Kano, irin mai takarda biyu ɗin nan, fara da ruwan hoda, wanda in kin rubuta a ta sama sai ya fito a ta ƙasa ba sai kin saka kabon ba. Masu sayar da kayan ɗinki su zare da zif da lailin ne suke ajiye shi, ni a wani shago ta gefen Kantin Kwari na saya. Abin da ya bambanta shi da rasit ɗin da muka saba shi ne a saman kowane shafi an bar wani ɗan gurbi inda za ki yanko ƙyallen yadin ki maƙala da sitefila. Wannan gurbin kaɗai ya sa na saya, kuma shi zai sa in ƙara saya in wannan ya cika, duk da ina da ƙorafi a kansa ba ɗaya ba ba biyu ba.

Ni dai aikina kashi biyu ne, ina ɗinkin kayan mata, sannan ina yin zanin gado da rigunan filo da bargon nan na haɗin ƙyallaye da ake saka fayiba a tsakiya a bi shi da ɗinki. To kin ga kenan yadi iri biyu ne a ɗakina, akwai nawa da na saya da kuɗina, akwai na mutane da aka kawo amana, kuma duk wadda take wannan sana'ar ta san babban turmi ba ya ɓata, shi ana ganinsa, abin da yake ɓata shi ne rabin yadin da ya saura bayan an fitar da riga da siket, shi ne zai shige ƙarƙashin wasu kaya, sai ranar da mai shi ta turo yaro wai a ba ta ragowar atamfarta za ta yi wa 'yarta ɗankwali, ke kuma ki tsaya kina zazzage leda kina rantse-rantse.

Shafin yana da wajen suna, lambar waya, irin yadi, yawansa, ranar da aka kawo, ranar karɓa, kuɗin ɗinki, kafin alƙalami da cikon da ya rage. Ƙasa kuma wajen awo. Kowane shafi da lambarsa an buga da ja, farar da mai ruwan hodar lambarsu ɗaya, ki yage ɗaya ki ba kwastoma ɗaya ta zauna a littafi. Wannan lambar ita ce rabin amfanin littafin in kin san yadda za ki yi da ita. Ni salatif ɗin takarda nake yankowa in rubuta lambar da maka in manna a bayan yadin, in sake rubutawa a jikin ledar da zan saka shi, in an yanka kuma duk guntun da ya fita cikin ledar zai koma ba wani waje ba. Lokacin anko za ki gane amfanin haka. Mata takwas ko goma su kawo miki atamfa iri ɗaya sak, wata turmi guda, wata yadi huɗu don sun raba da ƙanwarta, wata kuma ta haɗo da nata lailin da duwatsun ado, a nan ƙyalle ba zai taimake ki ba tunda duk zanen ɗaya ne, lamba ce kawai za ta raba miki na Hajiya da na amaryar ɗanta.

Na san wasu za su ce ai zamani ya wuce littafi, ga waya. Ina amfani da WhatsApp Business nima, tun 2018 ya fito, kuma wajen jera kaya da suka ƙara masa a 2019 yana da kyau sosai in tallan zanin gado za ki yi, ki saka hoto da farashi kwastoma ta gani ta zaɓa. Amma shi don talla aka yi shi, ba shi da wajen da za ki rubuta yadi nawa ya saura ya dinga raguwa in kin yanka. Sannan hoto ba ya faɗin gaskiyar kala, wannan kowa ya sani. Shadda ruwan toka ki ɗauke ta a ƙarƙashin farin ƙwan sola sai ta koma kamar ruwan sararin samaniya, ruwan goro da ruwan ƙasa su zama abu ɗaya, ki tafi kasuwa da hoton a waya ki sayo zare ki dawo ki ɗora a kan yadin ki ga sam ba su gaisa ba. Ƙyalle kuwa ko yaro kika aika da shi zai ɗora a kan kwalin zare ya zaɓo daidai, kuma mai shago zai taɓa ya ji kaurin yadin ya san irin lailin ko gam ɗin da ya dace. Waya ba ta da wannan.

Wata shawara a nan, in atamfa ce ki yanko ƙyallen ta bakinta inda ake buga rubutu, kada ki yanko ta tsakiya. Kamfanoni da yawa a nan suke saka sunansu, Vlisco ma na garin Helmond a Holan, masu Sufa da ake ji da ita, har lambar zanen suke bugawa a bakin. In yadi bai isa ba aka ce a nemo ƙari, da wannan bakin za a gane ko Holan ce ko Hitarget ko Chiganvy, don zane ɗaya sai ki same shi a kamfani uku kuma in kika haɗa su a riga ɗaya wankin farko zai tona asiri, ɗaya ta koɗe ɗaya tana nan. Matsalar ita ce gurbin da suka bari ƙarami ne ƙwarai, bai fi faɗin yatsu biyu ba, atamfa mai manyan furanni in kika yanko daidai gurbin kala ɗaya kawai za ki samu cikin huɗu ko biyar. Ni dai doguwa nake yankowa in naɗe ta ta rufe wajen kwanan wata, haka nan nake haƙuri.

Yanzu ƙorafi na gaske. Wajen yawan yadi layi ɗaya ne kawai, ba a raba yadi da mita ba. Wanda ya tsara littafin ina jin bai taɓa riƙe almakashi ba. Atamfa turmi ce yadi 6, leshi yawanci yadi 5 ake yankawa, amma shadda irin su Getzner ta ƙasar Ostiriya da mita ake sayar da ita, mita 5 ko 10. Yadi inci 36 ne, mita kuma ta haura inci 39 kaɗan, wato mita 5 ta kusa yadi biyar da rabi, mita 10 kuma saura ƙiris ta cika yadi 11. In yarinyar da take koyon aiki a wajenki ta rubuta 5 kawai ta tafi, ke ba ki san biyar ɗin me ba, kuma wannan kusan rabin yadin shi ne hannun riga ko ɗankwali. Haka faɗi ma babu wajensa, alhali atamfa faɗinta wajen inci 45 zuwa 48 ne, babbar shadda kuma ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba, yadi biyu na wannan da yadi biyu na waccan ba abu ɗaya za su fitar miki ba. Dole da biro nake ƙara Y ko M a gefe, in rubuta faɗin a sama.

Wajen awon ma na maza ne zalla, tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, tsawon wando, ƙafa. Babu ƙirji, babu ƙarƙashin ƙirji, babu hip, babu tsawon siket. Mu mata sai dai mu soke mu rubuta namu. Wannan bai dame ni sosai ba don ina da littafin awo daban.

Wanda ya fi damuna shi ne babu wajen ragowa. An rubuta abin da ya shigo, ba a bar inda za a rubuta abin da ya saura da inda ya tafi ba, kuma wallahi nan ne duk rigimar tela da kwastoma take. Ragowar yadi ta mai yadi ce, tun muna koyo ake faɗa mana haka kuma malamai suna yawan jan kunnen teloli a kai, sai dai in ita ta ce ta bar miki. To ni da nake bargon ƙyallaye abin ya fi shafata, don in mace ta shigo ta ga atamfar bikin ƙanwarta a tsakiyar bargon da na shimfiɗa zan sayar, ko da ita ta ce in riƙe, in ta manta ni ce zan ji kunya. Don haka na ja layi a ƙasan kowane shafi na rubuta saura, sai in saka misali rabin yadi, ta karɓa, ko kuma guntaye, ta bar min, kuma a gabanta nake rubutawa ranar da ta zo karɓar ɗinki. Wasu dariya suke yi wai Maman yara har da su rubutu a kan tsumma, wata ma cewa ta yi in ta mutu kar in bi ta da shi lahira ta yafe. Ba komai, a dai rubuta.

Kayana na kaina kuma littafin bai yi musu tanadi ba ko kaɗan, na oda ne kawai. Sai na juya shi na faro ta baya, kowane yadi nawa shafi guda, ƙyalle a gurbi, in rubuta inda na saya da yawansa da robar da yake ciki, duk sanda na yanka in rage. Ɓarnar takarda ce tunda kwafin ba wanda zan ba, amma ya fi min da in riƙe littafi biyu. Ga dalilin da ya sa lissafin yake da muhimmanci ga mai bargo. Katifa shida da shida inci 72 ce kowane gefe. In murabba'i mai inci 6 za ki jera, sai kin yanka shida da rabi saboda kwatan inci da ɗinki zai ci ta kowane ɓangare, kina buƙatar 12 sau 12, guda 144 kenan, kuma wannan saman katifar kawai ya rufe. Yadi ɗaya na atamfa guda 30 yake bayarwa in kin cire baki, layi biyar kowanne shida, kin ga kusan yadi biyar kenan. In kina so ya ɗan sauko gefe ki yi 14 sau 14, guda 196, ya haura turmi guda, ba a maganar yadin baya da na baki. To in ba ki san ainihin abin da kike da shi na ja da na shuɗi ba, sai kin kai layi na tara ki ga jan ya ƙare, ki koma Kwari a ce miki wannan zanen ya wuce tun bara, kuma kin san yadda kasuwar take, zane in ya tafi ba lallai ya dawo ba. Yanzu kafin in ɗora almakashi littafi nake buɗewa in ƙirga a zaune. A gefen shafin ina saka alamar ko na wanke yadin ko ban wanke ba, saboda auduga tana shiga a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba, in kika haɗa wankakke da sabo a bargo ɗaya zai tattare.

Ingancin littafin kansa matsakaici ne. Bangon kwali ne mara ƙarfi, ɗaurin kuma gam ne kawai ba a ɗinke ba, to da ƙyallaye suka fara yawa sai saman ya kumbura ƙasan yana nan siriri, tun bai kai rabi ba shafuka suka fara fita. Na huda shi da basilla na ɗinke da zaren buhu, yanzu ya zauna. Kwafin mai ruwan hoda shi ma rubutunsa yana dusashewa in ya sha rana ko ya daɗe a jaka, don haka farar nake riƙewa in ba kwastoma ɗayar, in gardama ta tashi tawa ce mai karantuwa. Ƙusar sitefila tana tsatsa da damina ta ɓata ƙyallen, farar shadda musamman, gara ki ɗinke shi da allura ɗinki biyu. Kuma dan Allah kada ki ajiye littafin ko yadin a ƙasa, wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya jiƙa dilolin atamfa ba sai an ce masa ya ɗaga kaya sama ba. Ni robobi masu murfi nake amfani da su waɗanda ake ganin ciki, da kafur a kowace saboda kyankyaso, na manna musu lamba ta ɗaya ta biyu ta uku, lambar ce nake rubutawa a littafi.

Mai shagon dai ba ruwansa, ya bar ni na buɗe na duba shafukan kafin in biya, da na koma sayen zif na faɗa masa maganar mita da ragowa ya ce zai gaya wa masu bugawa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba Allah masani, wanda na gani a kantarsa daga baya dai irin na da ne. Ki duba lambobin kafin ki karɓa, nawa akwai inda suka tsallake, kuma akwai shafi biyu masu lamba ɗaya wanda in ba ki lura ba kayan mutum biyu za su haɗu a leda ɗaya.

In ɗinkin gida kike yi na 'ya'yanki kawai ba kya buƙatarsa, littafin makaranta mai layi da allura sun ishe ki. In kuma kina karɓar kayan mutane, ballantana kina da yara masu koyo da kowa ke saka hannu a kaya, ki saya kafin azumi ya kama, don in ɗinkin Sallah ya taso ba za ki samu lokacin ja masa layin saura da ɗinke bayansa ba. Ki ce a ba ki babban, ƙaramin ba shi da gurbin ƙyallen.