Ƙarfe, roba ko bido: mi mai ciwon sukari zai saya dan ƙarfafa jiki a Maradi?

Jama'a, tunda lokotoro suka fara ce ma masu ciwon sukari tafiya kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da ɗaga nauyi, tambayar da ake ta yi a fada ita ce to mi za a saya? Wani ya ce ƙarfe, wani ya ce roba, wani ya ce je ka yi abonema a sal, wato gidan motsa jiki. Ni dai a ganina kafin ka hidda ko dala ɗaya ka fara sanin aikin da kake so kayan su yi ma, in ba haka ba za ka sayo abin da zai ƙare ƙarƙashin gado yana shan ƙura.

Ga yadda abin yake. In ka sha fura ko ka ci tuwo, mafi yawan sukarin da ya shiga jini tsoka ce ke ɗauke shi, masana na cewa wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100 a lokacin da insulin, sinadarin jiki da ke buɗe ma sukari hanyar shiga tsoka, ke aiki. Mai matsalar da jikinshi ya daina jin insulin, kamar ƙofa ce da makullinta ya yi tsatsa, insulin na nan amma ƙofar ba ta buɗuwa da kyau. To ita tsoka in tana aiki tana matsewa, da kanta take turo masu jigilar sukarin nan da ake kira GLUT4 zuwa bakin ƙwayoyinta ko babu umarnin insulin, kuma bayan ka gama jiki na ci gaba da jin insulin da kyau na awa 24 har zuwa 72. Shi ya sa Hukumar Lahiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce bayan minti 150 na motsa jiki a sati, a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, ita kuma ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta Amurka ta ce sau 2 zuwa 3 a ranakun da ba su bi juna ba. An yi wani bincike a Kanada da aka fitar a 2007 kan mutum 251 masu ciwon sukari nau'i na biyu, waɗanda suka haɗa tafiya da ɗaga nauyi sun fi masu yin guda ɗaya samun saukar HbA1c, wato awon nan da ke nuna yadda sukari ya zauna cikin kusan wata 3.

Abu biyu kenan za ka duba ga duk abin da za ka saya: zai sa cinyoyi, ɗuwawu da baya su yi aiki, dan nan ne manyan tsokoki suke, sannan ana iya ƙara mishi nauyi kaɗan-kaɗan? Damtse ba shi ne wurin ba, ko da samari sun fi son shi dan hoto.

Bari in fara da bido, dan shi na fi so kuma kusan kyauta ne. Lita 1 na ruwa kilo 1 ne cif, saboda haka bido na lita 5 kilo 5 ne, babba mai ruwan ɗorawa ɗin nan na lita 25 kuma kilo 25, kuma kai ke da iko da nauyin, yau ka zuba lita 8, bayan sati biyu ka maida shi 10, babu mai tambayarka kuɗɗi. In ruwa ya yi ma sauƙi ka zuba rairayi, ya fi ruwa nauyi da kusan rabi. Ka rungume shi a ƙirji ka zauna kan kujera ka tashi, ka ɗauki biyu ɗaya a kowane hannu ka zagaya tsakar gida, ka dafa benci da hannu ɗaya ka jawo shi sama da ɗayan, wallahi an gama da cinya da baya. Aibinshi shi ne ruwan na kaɗawa in bai cika ba, marfi na iya yoyo, kuma hannun babban bido na cin tafin hannu, sai ka naɗa mishi tsumma. Ga iyayenmu mata da ba za su je sal ba ko an biya musu, wannan ne zaɓi na farko, tunda abu ne da suka saba ɗauka, tsari kawai za a sa mishi.

Sai roba, wadda ake ja ɗin nan mai kala-kala. Kyanta ba ta da nauyi, tana shiga aljihun jaka, ɗan kasuwar da ke hanyar Katsina ko Kano ko Yamai kullum zai iya yin abinshi a ɗakin da ya sauka, kuma ba ta takura gwiwa da kafaɗa, dan haka ta dace da dattawa da masu ƙiba da yanzu suka fara. Amma a kula, zafin Maradi ba ya raga ma roba, in Afrilu da Mayu suka zo ana haura digiri 40, wadda aka bari a rana ko cikin mota sai ta bushe ta tsattsage, ranar da za ta tsinke kuma fuska take nema. Kafin ka biya ka ja ta gaban mai kaya ka duba ko akwai ƙananan tsaga ko ta fara yin fari-fari, ka ɗauki saiti mai kauri daban-daban ba guda ɗaya ba, kuma kada ka amince da kala kawai dan kowane kamfani da nashi tsarin. Mai faɗi mai zagaye ta fi mai kama da tiyo daɗewa a ganina. Matsalarta ta gaskiya ita ce cinya na saurin fin ƙarfinta, bayan ƴan watanni sai ka ga ƙafa ba ta jin komi.

Ƙarfe kuwa shi ne mai daɗewa, ɗanka ma zai gada. Akwai na kanti mai nauyi ɗaya da ba a canzawa, akwai mai faifai da ake ƙarawa a rage, akwai kuma wanda mai walda zai haɗa ma ko na siminti da ake zubawa a gwangwani. Ƙananan nan na kilo 1 ko 2 masu kyan kala asarar kuɗɗi ne ga babban mutum, sati biyu ka wuce su. In za ka saya ka sayi mai faifai, ka gwada abin ɗaurewar a wurin, dan faifai ya sulluɓo kan yatsan mai ciwon sukari ba ƙaramar magana ba ce, gyambon ƙafa ba ya saurin warkewa gare su. Na walda da na siminti ba laifi in kuɗɗi sun yi kaɗan, sai dai ka kai su kan sikeli a auna, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ka kuma sa a goge bakin ƙarfen.

Sal ita ce ta fi kaya, injin tura ƙafa da na jan baya babu kamarsu, ga mai nuna ma yadda ake yi. Amma kuɗɗin wata-wata ne, ga na kabu-kabu, kuma in kana unguwar Ali Ɗan Sofo ita tana can wani gefen gari, azumi ko damina na zuwa ka daina. Kafin ka biya wata ka biya na rana ɗaya ka gani, ka tambayi mai koyarwar mi zai yi in sukarin mutum ya faɗi, in ya tsaya kame-kame ka san inda ka dosa. Bel ɗin nan mai girgiza ciki da shayin narka teɓa kam, a bar ma masu talla kayansu.

Yanzu abin da ya fi duka waɗannan: in kuɗɗinka na abu ɗaya ne, ka sayi na'urar awon sukari a farmasi, kuma ka fara tambayar ko ana samun tsinkayenta da ake ɗiga jini a kai a nan garin, dan na'ura ba tsinke kwalliya ce. Musamman mai yin allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin sukari glibenklamid, su ne sukari ke iya faɗo musu ana cikin aiki ko ma cikin dare bayan an gama, mai shan ƙwayar metformin kaɗai ba kasafai ba. Ƙasa da 0,70 g/l faɗuwa ce, ga rawar jiki ga zufa ga jiri, ka tsaya ka sha sukari ƙwaya 3, wajen giram 15, ka sake awo bayan minti 15. Mai tansiyo kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, ya fitar da iska lokacin ɗagawa, wanda kuma ciwon sukari ya taɓa ma ido ko zuciya ya ga lokotoro tukuna, dan nauyi mai yawa na iya jawo zubar jini cikin ido. Takalmi rufaffe da safa, ba silifa ba, kuma a duba ƙafa bayan an gama.

Nawa tsarin in an tambaye ni: bido biyu na lita 5, babba ɗaya, saitin roba, na'urar awo. Motsi 5 ko 6, kowane sau 10 zuwa 15, zagaye 2, ranar Litinin da Alhamis bayan asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, da ruwan sha kusa. Ranar da ka yi sau 15 ba ka ji komi ba ka ƙara lita 1 ko 2. Sai babban bido ya cika ya kuma yi ma sauƙi sannan ka je neman ƙarfe mai faifai, magani kuma ba a rage shi sai lokotoro ya ga awon da kake rubutawa.