Sharhi: Kwafen Zanen Yaƙi na Howard Brodie da Na Saya

Na sayi waɗannan kwafe ne a wani kantin intanet saboda ɗalibaina masu koyon zane da fensir, kuma tun da suka iso ban daina ɗaukowa ina dubawa ba.

Brodie ɗan Amurka ne. Zanen wasanni yake yi wa jaridar San Francisco Chronicle kafin ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu ya koma zana wa mujallar sojoji ta Yank. Ya je tsibirin Guadalcanal da ke tekun Pasifik, daga baya ya bi dakaru cikin ƙanƙarar dajin Ardennes da ke Turai a ƙarshen 1944, har ma aka ba shi lambar yabon soja ta Bronze Star saboda taimakon waɗanda suka ji rauni. Mutum ne da igwa ta yi tsawa a kansa, kuma hannunsa ya nuna haka.

Wanda ya fi kama ni shi ne na wasu sojoji da suka takure wuri guda ana musu luguden wuta. Ba a ga igwar ba, ba a ga abokan gaba ba. Abin da ake gani kawai wuya ne da ya shige cikin kafaɗa, da hular kwano da ta sauko har gira, da ido a zazzare. Fensirin ya yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin ido, sai ya bar ƙafafu da 'yan layuka a gaggauce, kamar mai zanen ma ba shi da tabbacin zai gama. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Samari ne ƙanana, tsoro ya cika su, kuma bai rufa musu wannan tsoron ba don a ce jarumai ne. Wannan gaskiyar ce ta sa nake girmama aikin.

Inda na ji takaici shi ne takardar. Mai sheƙi suka yi amfani da ita, ta cinye laushin inuwar fensir, ga ƙyalli idan an kunna fitila. Bayanin da ke ƙasan kowane zane ma ya yi kaɗan, wasu ko shekara babu.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. Mai niyyar saye ya tambayi kantin tukuna ko suna bugawa a takarda marar sheƙi, ya kuma zaɓi babban girma, don a ƙarami fuskokin dushewa suke yi.