Shawarar da wani ofishin lauya a Birnin Kebbi ya ba mu kan murhun buntu

Shekara biyu ke nan ni da ƙanena, wanda yake sana'ar walda a Argungu, muna fama da wani murhu mai cin buntun shinkafa, tare da wani haɗi da muke dunƙule buntun da shi ya zama gawayi. Idan buntun ya bushe, wutar takan fito shuɗiya babu hayaƙi, amma da damina, da zarar ya sha danshi, sai hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya nemi ganin zanen kafin ya zuba jari, shi ya sa muka nufi ofishin wani lauya a Birnin Kebbi domin mu san ko rajistar mallakar ƙirƙira za mu yi, ko kuwa mu riƙe abinmu a matsayin sirrin sana'a.

Abin da ya fara burge ni shi ne, kafin a yi maganar kuɗi, lauyan ya tambaye mu ko mun taɓa baje murhun a kasuwa ko mun sa hotonsa a Facebook, domin dokar rajistar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ba ta kare abin da ya riga ya bazu. Ya bayyana mana cewa kariyar shekara 20 ce daga ranar shigar da takardu, ana biyan kuɗi duk shekara, kuma dole ne mai nema ya fayyace yadda ake ƙera abin, har wani gwani ya iya yin irinsa. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa ji ba: ofishin rajista na Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya bincika ko ƙirƙirar sabuwa ce. "Malam," in ji shi, "takardar nan ba shaida ba ce cewa murhunku yana aiki, kuma Babbar Kotun Tarayya tana iya soke ta."

Shawararsa ita ce mu raba abin biyu, kuma a nan na ga amfanin kuɗin da muka biya. Jikin murhun ba ya ɓoyuwa, domin duk mai waldan da ya sayi ɗaya zai yanka shi, ya auna hudojin iska, ya ƙera nasa, kuma sirrin sana'a ba ya hana wanda ya gano abu da kansa. Wannan sai rajista. Haɗin gawayin kuwa, da wuya mutum ya gane awonsa ta hanyar kallo, don haka gara a rufe shi, kamar yadda Coca-Cola ya rufe nasa. Ya kuma ja kunnenmu kan gaggawa: idan muka yi rajistar fasalin da bai zauna ba, gobe muka sauya hudojin, mun tona asirinmu a kan abin da muka bari, alhali shekarun sun fara tafiya. Jinkirin ma da haɗarinsa, tunda wanda ya riga shigarwa shi doka ta sani. Ya ce mu fara kai murhun gwaji Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mu kuma tuntuɓi hukumar NOTAP, wadda take taimaka wa masu ƙirƙira da rajista.

Inda ofishin ya gaza shi ne yarjejeniyar riƙe sirri da za mu ba ɗan kasuwar. An yi mana alkawarin mako ɗaya, ta ɗauki mako uku, kuma ta zo da Turanci zalla, alhali ƙanena, wanda sirrin yake hannunsa, da Hausa yake karatu. Sai da na koma na roƙa kafin aka zaunar da shi aka karanta masa ita sashe-sashe. Duk da haka, ina ba duk mai irin matsalarmu shawarar ya je, amma ya nemi a rubuta masa farashi da ranar karɓar aiki tun a zaman farko.